Ruwan da Na Zuba wa Wutar Dije

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, baƙin da na sani na allo ne, shi ma kaɗan. Jikata ce ke riƙe da biro, ni bakina ne nawa. Abin da ya tayar da maganar, ranar nan ta zauna a tabarmata tana haddar darasin Ingilishi, wai malaminsu ya ba su kalmar da Turawa ke faɗa in za a kashe wuta, ya ce su jero inda ake sa ta: a kashe kyandir, a kashe sigari, a kashe gobara. Ta jero uku ta tsaya tana cizon biro. Na ce mata ashe malamin naku bai taɓa zama gaban murhu ba. Akwai wutar da ake kashewa da yawu a yatsa biyu, akwai ta yashi, akwai wadda ake janye wa ice a bar ta ta mutu don kanta, akwai wadda ake rufe wa toka, ita wannan ba mutuwa ta yi ba, barci take. Sannan akwai ta ruwa, mai yin ƙara kamar babbar mace ta ja tsaki. Wannan ta ƙarshen na fi kowa saninta a Zongon Kwatano, kuma ba ta hanyar alheri na san ta ba.

Yanzu wa ke neman wuta a gidan wani? Kowace mace da tukunyar gaz ɗinta a lungu, ta murɗa, ta ƙyasta, wani shuɗin harshe ya tashi, ba hayaƙi, ba toka, ba hawaye. In ta gama ta murɗe, shi ke nan. Yaran yanzu ko hura wuta ba su iya ba, sai su cika kumatu da iska su watsa wa kansu toka a ido. A zamaninmu kuwa wuta aba ce mai rai, kiwonta ake yi kamar akuya. Garin nan kun san shi, ruwa a gaba, ruwa a baya, iskar teku ta jiƙa komai, har gishiri narkewa yake a kwano. Ashana in ta kwana biyu a ɗaki sai kanta ya yi laushi, ki ƙyasta goma ba wadda za ta kama. Saboda haka kowace mai murhu takan binne garwashinta a toka in ta sauke tuwo, da asuba ta tono shi. Wadda nata ya mutu sai ta aiki 'yarta maƙwabta da ɓawon kwakwa, a sa mata garwashi ɗaya a cikin gashin ɓawon, ta taho tana kare shi da tafin hannu. Shi ɓawon kwakwa ba ya ci da harshe, a hankali yake ci ta ciki, yana iya wuni riƙe da wutarsa ba wanda ya sani. Da sanyin safiya in kika tsaya a bakin layi, ba kukan zemijan, baburan hayar nan, za ki ji ba irin na yau. Tarin tsofaffi za ki ji, da ƙarar guga a rijiya, da jiniyar jirgin ƙasa can wajen tasha, da 'yan mata suna sallama ƙofa-ƙofa a sam musu wuta. Ba a hanawa. Ko matar da kuka yi zage-zage jiya har aka raba ku, in 'yarta ta zo da ɓawo za ki tona mata, ki kawar da kai.

Ni marainiya ce, a hannun Goggo Azumi na tashi, yayar mahaifina, ita ce mai gidan. Gida ne na katako da gora, wasu ɗakunan rufin kwano, wasu rufin kaba, an rarraba tsakar gida da zana. Akwai 'yan haya, akwai kuma uwar Goggo, Kaka, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukar ta tun ban yi wayo ba. Kaka kaɗai ke yi mini dariya a gidan, takan ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin matashinta. Goggo mace ce mai tsare salla, ba ta ƙarya, ba ta cin na wani, amma hannunta nauyi gare shi. Aikina a gidan shi ne wutarta. Takan ce yarinyar da ta bar wuta ta mutu a murhu gobe miji za ta bari ya mutu a ɗaki, tana faɗa tana laluben muciya, ni kuma na san ba tuwo za a tuƙa ba.

A shekarar da na fara ɗaura zane a ƙirji, wani mai tuƙa babbar mota zuwa arewa ya kama ɗakin ƙurya, ya kawo matarsa daga wajen Katsina. Sunanta Dije, da tsohon ciki ta zo, ba ta da kowa a nan. Hausarmu dariya take ba ta, ta ce mun kwaɓa ta da Faransanci da Yarbanci har ta ɓata. Matan gida suka ce baƙuwa ta zo koya musu maganar iyayensu, suka riƙe abin a ciki. Ni dai tana yi mini kitso, tana ce mini ƙanwata, ina ce mata Yaya. Ta haifi namiji a ƙarshen zafi, dab da saukar ruwa. Mijin ya yanka rago ran suna, ya tara mata ice har ya kusa taɓa rufi, ya sa aka yanko mata rabin duro na dafa ruwa, washegari ya hau mota ya yi arewa, ya ce sai ya sauke kaya ya samo na dawowa.

Ku na yanzu ba ku san jego ba. A lokacin, maijego da wuta take rayuwa. Safe da yamma a tafasa ruwa a duro, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa wa jikinta, ta sha kunun kanwa da zafinsa, a sa mata kaskon garwashi ƙarƙashin gado, a gasa wa jariri cibi. Kwana arba'in ba fashi. Duk mun sani, kamar yadda muka san sunayenmu, cewa wadda ta yi wasa da wannan sanyi zai shige ta, ta kumbura, ta tafi. Dije ba uwa ba yaya a kusa, ita ke hura wa kanta, a bayan zanar da ta kewaye don wanka.

Wata Juma'a, kwana biyar bayan suna, na tsaya carafke da 'yan matan maƙwabta, na dawo na tarar murhun Goggo ya yi sanyi. Na tona toka har ƙasa, ba ko ƙyalli. In na fita neman wuta da rana tsaka, kafin in dawo labari ya riga ni zuwa kunnenta. Sai na ɗauki ɓawon kwakwa na zagaya bayan zanar Dije, na zura tsinke ƙarƙashin duronta na jawo garwashi ɗaya daga toka, ban yi sallama ba, ban roƙa ba. Ina juyowa na ji takun Goggo tana kirana. Na cusa ɓawon a gindin zana, inda aka jingine busasshiyar kaba, na fito ina goge hannu a zane. Ta ce in ruga kasuwar Sanmishel in sayo mata barkono da daddawa, yanzu, kada in tsaya ko shan ruwa. Na ce a raina in na dawo na ɗauke ɓawon.

Ina dawowa, tun daga nesa na ga hayaƙi ya miƙe baƙi ƙirin a kan unguwarmu, iskar teku tana kwantar da shi. Maza duk suna masallaci. Mata ne suka yi layi daga rijiya, bokiti na bin hannu, wasu na ɗibar yashin layi da kwanon tuwo suna watsawa, wasu na tumɓuke zana don kada wutar ta sami abin tsallakawa. Gora na fashewa kamar bindiga. Da maza suka fito daga salla, da manyan rigunansu suka kama rushe ɗakin da ke gaban wutar, shi ya tsayar da ita. Motar pompiye, ta masu kashe gobara, ta iso ta tarar da toka, ta jiƙa tokar ta tafi. Ɗaki huɗu wutar ta cinye, na ukun na Kaka ne. An fito da ita a kan ƙyaure, wuta ba ta taɓa ta ba, amma hayaƙi ya riga ya cika mata ƙirji. Kwana biyu tana numfashi kamar ana jan zarto. Ta sa aka kira ni, ta dafa kaina ta ce in bar kuka. Rana ta uku aka kai ta makwancinta. Ɗakin Dije kuwa, da yake iska ta bi da wutar ɗaya gefen, ko baƙi bai yi ba.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Kowa ya ga inda ta tashi, kowa ya san mai hura wuta a wurin safe da yamma. Dije ta rantse ta janye icenta tun hantsi ta rufe sauran da toka. Matan suka ce to sai dai aljanu ne suka hura mata. Ina tsaye a wurin. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce komai ba. Bayan addu'ar uku Goggo ta ce baƙuwa ta kwashe kayanta. Dattawan unguwa suka zo suka zauna a zaure, suka ce ba a korar maijego mijinta ba ya gari, abin kunya ne ga Musulmi a idon 'yan ƙasa. Goggo ta saurare su daga bayan labule har suka gama, ta ce ta ji, ta bi.

"Ta zauna," in ji ta. "Ɗaki nata ne har mijinta ya dawo. Amma wuta, ba a gidan ubana ba."

Dattawa suka dubi juna, suka ga ba a kori kowa ba, suka shafa fatiha suka tashi. Su maza ba su san abin da aka yanke ba. Mata sun sani. Kafin la'asar magana ta zaga layi, duk wadda ta ba Dije garwashi ita ma ta nemi inda za ta riƙa ɗiba. Icen da mijinta ya tara aka kwashe, da shi aka dafa sadakar bakwai. Abinci ana aika mata, kada a ce an hana maijego ci, amma sai ya huce, sai tuwon ya yi fata. Sannan Goggo ta kira ni ta miƙo mini bokiti.

"Ke ce mai ido da ƙafa. In kin ga hayaƙi a ƙuryar can kada ki zo ki gaya mini. Ki zuba, sannan ki zo."

Ruwa ya sauka a makon, irin na Kwatano, wanda zai yi ta zuba har layi ya zama tabki, kwaɗi su shigo ɗaki. A tsallaken titi akwai wata 'yar ƙabilar Fon mai bandar kifi, ba ta jin Hausa, ba ruwanta da dokar Goggo. Wanka a can ba zai yiwu ba, rumfa ce a bakin hanya, maza na wucewa. Amma can Dije ke zuwa, da jariri a baya, ruwa har gwiwa, ta dawo da garwashi a gwangwani ta rufe da mayafi. Ta tsinto ɓawo da guntun katakon da gobara ta rage, ta durƙusa tana hurawa. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba: ba na zubawa tana hayaƙi. Sai na ga harshe ya tashi, ta ɗora tukunya, ta sauke ajiyar zuciya, sannan in fito. Ƙarar na nan a kunnena, da warin jiƙaƙƙiyar toka. Na lura duk bokitin da na zuba, matan gida na ƙara tabbata ita ce, ni kuma ina ƙara nisa da gindin zanar nan. Goggo ta fara sa mini tsokar nama a miya, ta ce wa maƙwabta ashe marainiyar nan tana da zuciya, ta san zafin kakarta. In Dije ta wuce sai wata ta ce a ɓoye ashana ga amaryar gobara nan, wata ta ce ai mutanen Katsina da zafinsu suke zuwa, me za ta yi da ice. Har da ni a masu dariya.

Ta koma wanka da ruwan rijiya, tana yi haƙoranta na haɗuwa, muna ji ta bayan zanar da ta sake kewayewa. Tari ya kama ta. Ƙafafunta suka kumbura har in ta taka yashi sawun ba ya nuna yatsu. Nono ya ja baya, yaron ya koma kuka irin na ɗan kyanwa.

Wata rana da hantsi na ga siririn hayaƙi na fita ta saman ƙofarta. A cikin ɗaki ta hura wannan karon, a kasko, 'yar wuta da ba ta fi tafin hannu ba, ta ɗora ƙaramin kwano da ruwa da ɗan gari. Na shiga da moɗa cike. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, don ta daina iya kwanciya, in ta kwanta numfashi ƙwace mata yake. Ba ta kare kaskon ba. Dubana kawai ta yi.

"Ƙanwata, ajiye moɗar ki zauna."

Ban zauna ba.

"Na gan ki ran Juma'ar nan. Ina ba shi nono, ta tsagar ƙyaure na gan ki durƙushe gaban duro, na ga ɓawon. Na ɗauka murhunku kika kai."

Na ce ƙarya take yi. Ta ce to, ƙarya take yi. Ta ce ba ta faɗa ba, ba kuma za ta faɗa ba, don ta ga irin dukan da ake yi mini a kan wutar da ta mutu, ba ta san wanda za a yi mini a kan wadda ta kashe tsohuwa ba. Ita ko ba komai tana da miji da zai zo ya ɗauke ta, ni ba ni da inda za ni. Ta yi tari mai tsawo, ta share baki da gefen zane.

"Ba na neman ki ce komai. Ki juya baya kawai har kunun nan ya yi ɗumi. Ba ma sai ya tafasa ba."

Na tsaya ina kallon ruwan kwanon, ƙananan ƙwayoyi sun fara taruwa a gindinsa. Abin da ke raina ba tausayi ba ne, ba kuma kunya ba. Kaina nake tunani. Mace mai zazzaɓi bakinta ba nata ba ne, yau ta yi shiru, gobe fa? Na juye moɗar a kaskon. Toka ta tashi ta sauka a fuskar jaririn. Sannan na fita da gudu ina kuka, kuka na gaske, na faɗa jikin Goggo na ce baƙuwa ta hura wuta a cikin ɗaki ƙarƙashin kaba, da na hana ta sai ta ce za ta gaya wa duniya ni na ƙone Kaka.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara ɗankwali ta shiga ɗakin, ta fara fito da kaya ɗaya-ɗaya tana ajiyewa a cikin ruwan tsakar gida, tabarma, akwati, kwanonin jere. Dije ta fito tana dafa bango. Matan gida sun tsattsaya a ƙofofinsu. Goggo ta tambaye ta a gaban kowa ko gaskiya ne ta ɗora wa marainiya alhakin ran kakarta. Ina bayan Goggo na riƙe gefen zanenta. Dije ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce zazzaɓi ne ya sa ta sambatu, a yafe mata. Ta goya ɗanta ta fita, ba ta ɗauki komai ba. Dattawa ba su zo ba wannan karon, an ce musu da ƙafarta ta tafi.

'Yar Fon ɗin ce ta shimfiɗa mata buhu a bayan rumfa, kusa da murhun banda. Ta sami wuta a can, safe da yamma, amma a makare ta same ta. Kwana shida ta yi ta cika. Yaron ya rayu, matar ta riƙe shi da ruwan koko har uban ya dawo, ya ɗauke shi ya yi arewa, bai ko shigo layinmu ba, ban sake jin labarinsu ba. Goggo ta rayu har ta ga 'ya'yana, ta mutu tana sa mini albarka, ni na rufe mata ido, ban gaya mata ba. Wata 'yata da ke aikin jinya ta taɓa ce mini wai yanzu likitoci sun ce wankan tafasasshen ruwan nan da kanwa ba dole ba ne, har cutarwa yake, ba rashinsa ke kashe mata ba. Na ji ta. Amma ni ran da na ɗaga moɗar nan ban san zancen likita ba. Abin da na sani shi ne maijego in ta rasa wuta mutuwa take, kuma da wannan sanin na zuba.

Gidan yanzu bene ne, an yi shaguna a ƙasa ana sayar da waya. Inda ɗakin ƙurya yake, nan ake jera babura. In na wuce ba na jin komai. Abin da ke dawo mini, duk sanda na ga an ɗora ruwa, ranar da aka kawo gawar Dije ce. 'Yar Fon ta zo da safe ta tsaya a ƙofar gida tana magana da hannu har aka gane. Dije Musulma ce, ba ta da kowa, kuma daga gidanmu ta fita, saboda haka liman ya ce a gidanmu za a yi mata sutura. Aka shigo da ita a tabarma, tana warin hayaƙin kifi. Goggo ce mai wankan gawa a layinmu. Ta naɗe hannun riga, ta aika a kawo magarya da sabulu da turare, ta dubi duron Dije da ke nan bayan zana cike da ruwan sama, ta dube ni.

"Me kike jira? Hura wuta. Ba a yi wa baiwar Allah wanka da ruwan sanyi."

Na tono garwashi a murhun Goggo, na kawo busasshen ice daga ɗakinta, na durƙusa. Busa ɗaya ta kama. Ta ci da kyau, ba hayaƙi, har duron ya fara kuka. Na ɗebo a bokiti na kai mata. Goggo ta tsoma gwiwar hannu ta cire da sauri.

"Ya yi mata zafi," ta ce. "Surka."